Faifan da Aka Yi wa Ƙazafi

Da yawa daga cikin faifan ajiyar da ake zarowa daga saba, wato babbar kwamfutar ajiya, da sunan sun mutu, lafiyarsu ƙalau. Ina da kwali a ƙarƙashin teburin aiki inda nake tara irinsu, kuma duk wanda ya zo hannuna sai na jona shi shi kaɗai a wata kwamfuta, na sa ta karanta shi daga gurbin farko har na ƙarshe. Wasu kam sun mutu da gaske, tun kafin a fara karatun za ka ji suna ƙas-ƙas. Amma akwai da dama da ke gama jarrabawar ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba, su koma aiki a wani wuri su yi shekaru. Jar fitila ta kama a kansu, mai kayan ya tsorata, aka zare su aka sayi sababbi, alhali matsalar tana nan zaune a cikin akwatin tana jiran na gaba.

Dabarar haɗa faifai da yawa su yi aiki tamkar guda, wadda ake kira RAID, ta samo sunanta ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar a 1988. Hujjarsu ita ce ƙananan faifai masu araha, in an jera su an kuma tanadi yadda za a cike gurbin wanda ya faɗi, za su iya yin aikin babban faifai mai tsada. A RAID 1 faifai biyu ne ke ɗauke da abu iri ɗaya. A RAID 5 ana rarraba bayanai a kan faifai uku ko fiye, tare da wani lissafi da ake iya dawo da rabon faifai guda da shi in ya ɓace. RAID 6 tana jure rashin biyu. Mai yin duk wannan rabo da lissafi shi ne katin sarrafa faifai, kuma a nan gizo ke saƙar: kwamfutar ba ta ganin faifan da idonta, abin da katin ya gaya mata shi ta sani. In ya ce faifai na uku ya mutu, to a wurinta ya mutu. Ko a gaban alƙali ba a yanke hukunci da bakin shaida ɗaya, balle shaidar da shi ma yana cikin waɗanda ake zargi.

Aikin da ya zaunar mini da wannan a kai na wani ɗakin tace finafinai ne a nan Kano. Suna da akwati mai faifai shida a RAID 5, nan suke zuba ɗanyen hoton da aka ɗauko daga lokeshan. Da na isa, mai wurin ya ɗauko faifai biyu daga durowa ya dire mini a kan tebur.

"Injiniya, ka ga waɗannan, duk a watannin nan na cire su. Yanzu ga na uku ya kunna ja. Ko dai jabu ake sayar mini?"

"Ranka ya daɗe, gurbi ɗaya ne ke yi, ko yawo yake?"

"Yawo yake. Yau na sama, gobe na ƙasa."

Na buɗe rajistar katin, inda yake rubuta duk abin da ya faru da kwanan wata da sa'a. A kowane karo labarin ɗaya ne: an aika wa faifai umarni, bai amsa a kan lokaci ba, an sake tada shi, bai amsa ba, an cire shi daga jeri. Babu inda aka ce faifan ya kasa juyawa ko ya ɓace daga waya. Shiru kawai ya yi. Da na duba lambobin da ke jikinsu, sai ga shi duk faifan kwamfutar gida ne, irin da ake sa wa kwamfutar kan tebur.

Ga abin da ke faruwa. Kowane faifai, komai kyansa, wata rana zai ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa. Faifan gida an ƙera shi ne a kan cewa shi kaɗai ke riƙe da bayanan, don haka ba ya saurin haƙura: zai yi ta maimaita karatun, yana iya kai minti ɗaya ko biyu, kuma a tsawon wannan lokaci ba ya amsa wa kowa. Katin RAID kuwa haƙurinsa na 'yan daƙiƙu ne, da yawa ba sa wuce takwas zuwa goma. Da lokacin ya cika sai ya ɗauka faifan ya mutu, ya kore shi. Faifan da aka ƙera don jeri an sa masa iyaka, galibi daƙiƙa bakwai. In gurbin ya ƙi, sai ya gaya wa katin cewa ya kasa, katin ya lissafo abin da ke wurin daga sauran faifan ya sake rubuta shi, aiki ya ci gaba ba wanda ya ji. Western Digital na kiran wannan iyaka TLER, Seagate na kiranta ERC, amma abu ɗaya ne. Da manhajar smartctl ana iya tambayar faifai ko yana da ita. Wasu faifan gida suna karɓa in an saita musu, sai dai da an ɗauke wuta sun manta, kuma kowa ya san sau nawa ake ɗauke wuta a rana. Na mutumin nan ma ba su karɓa sam. Muka kwashe finafinan zuwa wani wuri, ya sayi faifan da suka dace, waɗanda aka yi wa ƙazafin kuma suka koma ajiyar ko-ta-kwana, kowanne shi kaɗai, aikin da dama don shi aka yi su.

Tambayar nan da na yi masa, ta gurbi ɗaya ko yawo, ita ce ta farko da nake yi a ko'ina. Ciwon da ke bin faifai duk inda aka kai shi na faifan ne. Wanda ke zaune a gurbi ɗaya ko an sauya faifai, na waya ne ko na allon baya da faifan ke zama a kai. Wanda ke yawo kuwa, a nemi abin da dukkansu suka yi tarayya a kai: kati, wuta, zafi, ko irin faifan da aka saya.

Shaida na biyu shi ne faifan kansa. Kowane faifai yana riƙe da ƙididdigar lafiyarsa da ake kira SMART, ko da yake in yana bayan katin RAID sai an gaya wa smartctl ta leƙa ta bayan katin kafin ta gani. Layuka huɗu nake fara dubawa. Lamba 5 tana ƙirga guraben da suka lalace aka musanya su, 197 waɗanda ake shakka a kansu, 198 waɗanda suka gagara gyara. In waɗannan na hawa, faifan ne ba shi da lafiya, a nemi wani. Lamba 199 kuwa ba ruwanta da cikin faifai, tana ƙirga saƙonnin da suka gurɓata a hanya tsakaninsa da kati. In ita kaɗai ke hawa, waya ce, ko bakin da ya yi sako-sako, ko ƙurar hunturu da ta like a haƙoran allon baya. Lambar ba ta komawa sifili bayan gyara, abin lura shi ne ko ta tsaya. Na sha ganin an kashe kuɗin faifai a kan abin da sabuwar waya da busa ƙura suka isa su magance. Sai dai kada a mai da SMART boka. A 2007 ma'aikatan Google sun fitar da nazarin faifai fiye da 100,000, suka gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin mutuwarsu. In ta ce akwai ciwo, a yarda da ita. In ta ce lafiya, a ci gaba da bincike.

Akwai wata alama da ke tona asirin waya nan take. Wayar SFF-8087, wadda ta cika tsofaffin saba, hanyoyi huɗu take ɗauka a baki ɗaya. To in faifai huɗu da ke maƙwabtaka suka ɓace a daƙiƙa guda, ba annoba ba ce, wayarsu ce ko ramin da ta shiga a jikin kati. Ita wannan waya kuma tana da 'yar'uwa mai rassa huɗu da ke zuwa iri biyu, ɗaya daga kati zuwa faifai, ɗaya daga ramukan uwar allo zuwa allon baya. A ido ba ka raba su, kuma mai shago ma sau da yawa bai san iri biyu ba ne. In aka sa wadda ba ita ba, faifai za su yi ta juyawa, katin kuwa ya rantse bai ga kowa ba.

Sai wuta da zafi, waɗanda a ƙasarmu su ne rabin aikin. Babban faifai yana jan kusan amfiya biyu a layin bolt 12 a lokacin da yake tashi, daga nan ya sauko. Goma sha biyu in suka tashi tare, akwatin wutar da ya fara tsufa sai ya durƙusa, biyu ko uku su makara, katin ya ƙirga ya ga babu su. Alamar ita ce matsalar ba ta zuwa sai bayan an ɗauke wuta an tada janareta, kuma in aka kashe aka sake kunnawa kowa ya dawo. Katunan kirki suna da saitin tada faifai bi da bi, kuma yana da kyau a duba ko a kunne yake.

Zafi kuma katin yake fi kamawa, ba faifan ba. Waɗannan katuna an yi su ne don cikin saba, inda jerin fankoki ke hura iska daga gaba zuwa baya da ƙara kamar injin niƙa, shi ya sa ƙarfen sanyaya da ke kansu ɗan ƙarami ne kuma ba fanka. Mutane sai su ciro katin su sa a akwatin kwamfutar gida inda iska ba ta motsi. Na taɓa zuwa wani ofishi a watan Afrilu, ana kukan saba tana aiki lafiya da safe, da azahar ta yi sai faifai su fara ɓacewa. Na buɗe murfi na kai yatsa kan ƙarfen katin, ban iya barinsa a wurin ba. Yaron da ke kula da kwamfutocinsu ya ce, "Oga, ai na ɗauka haka suke." Muka samo 'yar fanka mai faɗin santimita huɗu, muka ɗaure ta a kan ƙarfen da igiyar roba, muka sauya man da ke tsakanin ƙarfen da ƙwaƙwalwar katin, wanda ya bushe ya zama gari. Faifai ko ɗaya ba a sauya ba.

Batirin katin ma zafi ne ajalinsa. Katin yana da 'yar ma'ajiyar wucin gadi inda yake karɓar rubutu ya ce wa kwamfuta an gama, alhali bai kai faifai ba tukuna. Batirin ne ke riƙe abin da ke ciki in wuta ta yanke. Da batirin ya mutu ko ya kumbura, katin sai ya daina wannan ƙarya mai amfani, ya koma jiran faifai a kowane rubutu, saba ta yi nauyi kamar an ɗaure mata dutse. Sabar da aka shigo da ita ta hannu, da wuya ka samu batirinta da rai. Akwai saitin da ke tilasta wa katin ya ci gaba da amfani da ma'ajiyar ko babu batir, kuma na ga masu gyara da ke kunna shi don abokin ciniki ya ga sauri ya biya. A wurin da wuta ke yankewa ba sallama, wannan ha'inci ne, domin ranar da ta yanke a tsakiyar rubutu, abin da ke ma'ajiyar ya tafi kenan, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai an buɗe fayil an tarar da shirme. Da yawa daga cikin sababbin katuna sun bar batir, sun koma wata ma'ajiyar caji da ke ba su isasshen lokacin kwashe rubutun zuwa filashi. In da hali, irinsu ya kamata a saya.

Duk wannan a kan kayan da suka taɓa aiki tare ne. Akwai kuma rigimar kayan da ba su taɓa jituwa ba tun ranar farko, kuma kasuwar kayan hannu ta cika da ita, domin saba daga wata shekara take, kati daga wata, faifai daga wata. Wadda ta fi yawa ita ce ta girma. Tsofaffin katuna suna ƙirga guraben faifai da lamba mai bit 32, wato iyakarsu gurabe 4,294,967,296. Kowane gurbi bait 512 ne, in ka ninka sai ka samu kusan TB 2.2. Katuna irin su PERC 6/i na Dell da duk masu ƙwaƙwalwar LSI 1068E a nan suka tsaya. Ka sa musu faifan TB 4, ko dai su nuna maka rabinsa ko su ƙi shi gaba ɗaya, kuma babu sabunta famwaya, wato manhajar da ke cikin katin, da zai ƙara musu tsawo. Mai saye sai ya koma kasuwa da faɗa wai an cuce shi a faifai.

Sauran kuma ga su a gurguje. Ta fuskar bakin haɗi, katin SAS yana magana da faifan SATA, amma ramin SATA ba ya magana da faifan SAS, bakin ma ba ya shiga. Faifan da gurabensa bait 4,096 ne zalla, wanda ake rubuta wa 4Kn, tsohon kati bai san da shi ba, kuma ba a gauraya shi da mai 512 a jeri ɗaya. Faifan SAS masu arha da aka ciro daga manyan rumbunan kamfanoni sau da yawa an tsara su a bait 520 ko 528, katin RAID zai gan su ya ce ba su da amfani, sai an sake tsara su zuwa 512 da manhajar sg_format ta kan kati marar RAID, aikin da ke cin sa'o'i a kowane faifai. Wasu saba kuma in ba su gane faifan ba sai su kasa karanta zafinsa, su saki fankoki a ƙarshen gudu dare da rana.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta haƙori na uku. A ƙa'idar SATA 3.3 ta 2016 an mai da haƙori na uku na bakin wuta ya zama makunnin kashe faifai daga nesa, don amfanin manyan cibiyoyi. Tsofaffin akwatunan wuta kuwa suna aika bolt 3.3 a wannan haƙori kullum, kamar yadda tsohuwar ƙa'ida ta ce. Sakamakon: sabon faifai dal, ka jona shi, ko motsi ba ya yi, domin a fahimtarsa ana ta ce masa ya kwanta. Wani ya kawo mini guda biyu a leda zai jefar. Na yanko ɗan siririn tef mai jure zafi da reza, na rufe haƙorin, na jona, sai ga shi ya tashi yana gurnani. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Malam, tef?" Tef kuwa.

Ta SMR ba abin dariya ba ce. A irin wannan faifai layukan rubutu suna hawa kan juna don a samu ƙarin wuri, saboda haka gyara layi ɗaya na tilasta sake rubuta maƙwabtansa. A aikin yau da kullum ba a ji, domin faifan na da wurin da yake tara rubutu ya shirya daga baya. Amma in aka yi ta ɗura masa rubutu ba hutu, kamar lokacin sake gina jeri, wurin ya cika, sai ya riƙa dogon shiru, katin kuma mun san abin da yake yi wa mai shiru. A 2020 aka yi ta cece-kuce da ta bayyana cewa wasu faifan WD Red na Western Digital masu TB 2 zuwa 6, waɗanda ake sayarwa don jeri, SMR ne ba a rubuta ba. Daga baya kamfanin ya ware masu tsohon tsari ya sa musu suna Red Plus. Tun daga lokacin ba na yarda da launin takarda ko sunan da ke kwali, cikakkiyar lambar samfurin nake nema in duba.

Yanzu ga inda bayanai suke salwanta da gaske. A RAID 5, ranar da faifai ɗaya ya fita, ba abin da ya ɓace tukuna. Hatsarin yana cikin abin da za a yi a sa'o'in da ke biye. Kowa hannunsa na ƙaiƙayin ya zura sabon faifai ya ga fitila ta koma kore, amma sake gini shi ne aiki mafi nauyi da jerin zai taɓa yi: sai an karanta kowane gurbi na kowane faifan da ya rage, har wuraren da aka shekara ba a taɓa ba. Masu ƙera faifan gida suna rubuta cewa ana iya samun gurbi guda marar karantuwa a cikin kowane bit tiriliyan 100, wato kusan TB 12.5. Jeri mai faifai shida na TB 4 sai ya karanta TB 20 kafin ya gama gini. A aikace faifai sun fi wannan adadi kyau nesa ba kusa ba, amma ya isa ya nuna cewa ba wasa ake ba. Ƙari a kan haka, faifan jeri ɗaya yawanci rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, tare suke tsufa. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu faifansa na SSD za su daina aiki da sun cika sa'o'i 32,768, wato shekara 3 da kwana 270 da sa'a 8, saboda kuskuren famwaya, in ba a sabunta ta ba. Waɗanda aka kunna tare, tare za su tsaya, kuma babu lissafin RAID da ke ceton wannan.

Don haka ni ƙa'idata ba ta sauyawa: a kwashe kafin a gina. A fara da abin da mai kayan ba zai iya rayuwa ba tare da shi ba, takardun kuɗi, aikin da ba a miƙa ba, sannan sauran. In faifai biyu ne suka fita, ba na barin katin ya sake taɓa su. Kowanne sai na yi masa kwafi gurbi da gurbi da manhajar ddrescue zuwa wani faifai, a kan kwafin ake gwaji. Kuma rajistar katin ce ke faɗin wanda ya fara fita. Wannan na da muhimmanci, domin na farkon yana iya yin watanni a waje ba wanda ya lura, abin da ke kansa ya tsufa. In aka tilasta shi ya koma jeri maimakon na biyun, katin zai gauraya tsohon bayani da sabo, ya ba ka fayiloli masu suna daidai da ciki ruɓaɓɓe. Kafin a zare komai kuma a sa katin ya ƙyafta fitilar gurbin, a gwada lambar jikin faifai da wadda ke rajista. Katin daga sifili yake fara ƙirga, mutane daga ɗaya, kuma wannan ɗan bambanci ya sa an zare lafiyayyen faifai daga jerin da dama ƙafa ɗaya ta rage masa.

Mutuwar katin kansa ta fi tada hankali a ido, amma sau da yawa ta fi sauƙi. Katunan zamani suna rubuta tsarin jerin a jikin faifan, don haka sabon kati na gida ɗaya zai gan su ya ce ya tarar da baƙon tsari, ya tambaya: a shigo da shi, ko a share? An taɓa kirana wata makaranta mai zaman kanta bayan wani ya zaɓi sharewa, a tunaninsa saƙon kuskure yake kawarwa. Shugabar makarantar ta tare ni a bakin ƙofa.

"Injiniya, sakamakon yara na shekaru ne a ciki. Ka gaya mini gaskiya."

"Hajiya, bayan ya share, ya danna wani abu kuma?"

Bai danna ba, tsoro ya kama shi ya kashe na'urar, kuma wannan tsoron ne ya cece su. Sharewa bayanin tsarin kawai take gogewa, kayan na nan. Muka yi kwafin faifan, muka sake ƙirƙirar jerin da jerin gwanon faifai iri ɗaya da girman yanka iri ɗaya, ba tare da barin katin ya yi wankin farko ba, komai ya dawo. Da ya amsa tambayar da ke biye, wadda ke neman izinin wanke sabon jeri, da sai dai a yi wa Hajiya jaje. Abin da ya taimaka shi ne wanda ya haɗa sabar tun farko ya rubuta lamba a kan kowane faifai da alƙalamin maka.

Samun katin "gida ɗaya" shi ne wahalar. Kamfanonin sun haɗiye juna: LSI ta sayi 3ware a 2009, Avago ta sayi LSI a 2014 ta kuma koma Broadcom a 2016, Adaptec ta bi hannu-hannu har ta faɗa gidan Microchip a 2018. Yawancin katunan PERC na Dell ƙirar LSI ce da wata riga, Smart Array na HP kuwa tsarinsa daban, ba ya karanta na kowa, ba mai karanta nasa cikin katunan. Akwai ƙa'idar bai-ɗaya da ake kira DDF wadda wasu ke bi, har manhajar mdadm ta Linux tana iya haɗa irin wannan jeri ba tare da katin ba, kuma ta fitar da ni kunya fiye da sau ɗaya. Amma ba abin dogaro ba ce a kowane hali, kuma kati mai tsohuwar famwaya yana iya ƙin tsarin da sabuwa ta rubuta.

Shi ya sa in ƙaramin ofishi ya nemi shawarata yau, ba na tura shi ga katin RAID sai da dalili. Kati marar wayo, wanda ke miƙa faifai ga kwamfuta yadda suke, irin LSI 9211-8i da aka sa wa famwayar IT, tare da mdadm ko ZFS, ya fi dacewa da inda kayan gyara ke ɗaukar makonni kafin su iso. In katin ya ƙone, kowane kati ko ramin da faifan za su shiga ya wadatar, kuma SMART a buɗe take ba mai tsayawa a tsakani. Masu manyan rumbunan bayanai da ke buƙatar saurin ma'ajiyar katin suna da hujjarsu, ban musa ba. Su nake gaya wa su sayi kati biyu iri ɗaya tun ranar farko, a daidaita famwayarsu, a gwada na biyun a kan jerin kafin a zuba masa kaya, sannan a buga tsarin jerin a takarda a manna a cikin murfin saba. Kuma a faifan da suka wuce TB 2, RAID 6 ko RAID 10, wato tagwayen RAID 1 da aka jera tare, nake rubutawa a takardar farashi, tare da faifan waje guda biyu da za a riƙa musanyawa, ɗaya a ofis ɗaya a gidan mai kayan. Wanda ya ce a cire na wajen don a rage kuɗi, sai in ce masa gara a cire RAID ɗin.